Kaset Na Uku

Kaset bakwai Haladu ya yi
tun da ya bar 'yan ƙungiyarsu ta Dilimi,
ya ce zai gwada tsayuwa da ƙafarsa.
Duk na saya, ban yi ƙwauro ba,
kuma son da nake masa ba zai sa in yi ƙarya ba.

Na farko tsoro ne fal cikinsa,
murya tana waige, tana neman 'yan amshi.
Na biyu ya danne shi da fiyano
har ba ka jin mutum, sai inji.
Na huɗu, waƙa ɗaya da rabi.
Na biyar, Allah ya yafe mana,
wani mai neman kansila ya saye shi ɗungurum,
ya sha ƙasa, waƙar ta bi shi.
Na shida da na bakwai,
a bar kaza cikin gashinta.

Amma na uku!

Na uku mai koɗaɗɗen bango,
wanda maɗaba'a ta rubuta Haludu
ba wanda ya damu ya gyara.
Ɗaki ɗaya a Gangare, tsakiyar marka,
gurmi ɗaya, mutum ɗaya.
In ka kasa kunne a waƙa ta biyu
za ka ji ruwa na dukan kwano,
za ka ji ya yi tari bai tsaya ba,
wani ya turo ƙofa, ya ce af, ya mayar.

A nan ne yake cewa:
"Baba ya haƙi kuza shekara talatin,
ramin ya cika da ruwa,
tukunyarmu ba ta cika ba."
Ranar da na fara jin wannan
ina kan keke a shagona na Kwararafa,
sai da na ɗinke hannun riga da wuyanta.
Nawa uban ma can ya bar ƙirjinsa.

Sau biyu rediyo ta taune zaren.
Na zauna da biro da reza,
na haɗa da jan farcen Uwani,
har gobe a wurin akwai ɗan tsalle,
kalma ɗaya ta ɓace, ni nake cikawa.
Nazifi ya juye mini shi a waya,
ya ce, Baba, na wanke maka ƙarar.
Na ce, yaro, mayar mini da ruwana.

Bara, a Farin Gada,
tsakanin masu kabeji da masu karas,
na gan shi yana taya buhun dankali.
Hula ta yi masa yawa.
Na gaishe shi, baki na rawa,
na faɗa masa abin da na riƙe shekara ashirin da ɗoriya.

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa.
"Wancan? Ai zazzaɓi nake yi.
Mai situdiyo dare ɗaya ya ba ni, shi ma bashi.
Ko ɗari biyu ba a sayar ba.
Ni na shida na fi so,
shi na kashe wa kuɗin filina."

Ban ce komai ba.
Na kama masa kunnen buhu
muka ɗora a bayan babur.

Da dare sanyi ya sauko daga duwatsu.
Don girman mutumin na nemo na shida,
na kaɗe ƙura, na ba shi haƙƙinsa,
na daure har ƙarshen gefe ɗaya.
Akwai wani baiti, ban ƙi ba,
da a can baya ban lura da shi ba.

Sannan na cire, na sa na uku.
Gurmi ya fara, ruwa ya sauka.
Uwani ta leƙa ko an bar shanya a waje.
Ya zo wurin nan, ya yi tarin.
Na ce masa, sannu.